Bidiyon biki, tafsiri da takardu sun fi ƙarfin faifai ɗaya: a kan me za a ajiye su?

Faifan DVD na yau da kullum giga 4.7 aka rubuta a jikinsa, amma idan ka saka shi a kwamfuta, giga 4.38 Windows zai nuna maka. Awa ɗaya ta bidiyo mai kyau, daga kyamara ko daga babbar waya, tana iya cin giga goma ko fiye. Ke nan bidiyon ɗaurin aure guda, ko tafsirin yamma ɗaya na azumi, ya riga ya fi ƙarfin faifai. A nan mutane da yawa a Sakkwato suke cijewa: mai ɗaukar hoton biki da aikin jama'a ya cika wa laftof, ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya tara littattafai da bayanan bincike, almajirin da ke riƙe da karatun malaminsa na shekaru, magidancin da hotunan Hajjin mahaifiyarsa suke cikin tsohuwar kwamfutar da ta fara ƙugi. Kowa ya san ya kamata a yi kwafi. Abin da ke raba hankali shi ne a kan me.

Hanyoyi shida ne a gabanmu: rarraba kayan a faifan DVD masu yawa, faifan Blu-ray, filash, had-disk na waje, SSD na waje, da ajiya a intanet. Tun yanzu zan faɗi inda na karkata don kada in ɓoye wa mai karatu: ga yawancin gidaje, had-disk biyu da ba sa kwana a ɗaki ɗaya sun fi kowace dabara. Amma ba kowa wannan ya dace da shi ba, shi ya sa za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

## Kafin ka kashe ko sisi

Akwai matsalar da take kama da ƙarancin wuri alhali ba shi ba ne. Ka saka filash mai giga 32, babu komai a ciki, ka jawo bidiyo mai giga 6, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Wuri yana nan. Tsarin da aka yi wa filash ɗin fomat da shi ne ya hana. Sunansa FAT32, kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, komai girman filash ɗin. Ka danna dama a kan filash ɗin ka duba bayanansa. Idan ka ga FAT32, ka kwashe abin da ke ciki zuwa wani wuri, ka sake yi masa fomat da exFAT ko NTFS. Fomat yana shafe komai, don haka a kwashe tukuna.

Tsakanin biyun, exFAT yana aiki a Windows da Mac duka. NTFS ya fi jure ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu, amma Mac karantawa kawai yake yi daga gare shi idan ba a ƙara masa wata manhaja ba. Wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota kuma FAT32 kaɗai suka sani, don haka filash ɗin da kake kunna karatu da shi a mota ka bar shi yadda yake.

## Abin da za a auna

Na farko kuɗin kowace giga, ba kuɗin na'urar ba. Farashin waɗannan kaya dala yake bi, yau daban gobe daban, ko a nan ka saya ko daga Farm Centre ta Kano aka kawo maka. Lissafin da ba ya canzawa shi ne ka raba kuɗin da girman ajiyar.

Na biyu juriya, kuma a garin nan juriya tana da ma'ana ta musamman. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Da hunturu ƙura tana shiga har cikin durowar da aka kulle. Wuta tana ɗaukewa ba sallama, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ke ƙona caja.

Na uku sauƙi. Wannan ma'aunin ana raina shi, amma shi ne ke yanke hukunci, domin aikin da zai cinye maka yini ba za ka sake yin sa ba sai bayan shekara, idan ma ka sake. Na huɗu haɗari: jabun kaya, bairos, sata, gobara, da idon wanda bai kamata ya gani ba. Na biyar kuma, bayan shekara goma, akwai na'urar da za ta iya buɗe abin?

## Rarrabawa a faifan DVD

Idan kayanka ƙananan fayiloli ne masu yawa, hotuna ko karatu na murya, babu wata dabara: ka kasa su folda-folda, kowace kada ta wuce giga 4.3, ka zuba kowace a faifanta, ka rubuta suna a kai. Kowane faifai yana tsaye da ƙafarsa.

Fayil guda mai girma shi ne mai wahala. Manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, tana iya yanka shi gunduwa-gunduwa. A wurin zaɓin girman yanki akwai 4480M da aka tanada don DVD, da 8128M don DVD mai hawa biyu wanda ke ɗaukar giga 8.5. Za ta fitar maka da fayiloli masu ƙarewa da 001, 002, 003, har zuwa ƙarshe. Ranar da kake buƙata sai ka kwafo su duka cikin folda ɗaya, ka buɗe na farko, ta haɗe su.

Ga inda nake jin tsoron wannan hanyar. Giga 100 faifai 23 yake buƙata. Littafin hannu da ke cikin gafaka, idan warƙa ɗaya ta ɓace, ana karanta sauran. Fayil ɗin da aka yanka ba haka yake ba, yanki ɗaya ya lalace, ragowar 22 ba za su haɗu su ba ka abinka cikakke ba, sau da yawa ma ba za su buɗu ba sam. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, faifai ɗaya cikin kowane 100 ne ke lalacewa. Da faifai 23, yiwuwar ɗaya daga cikinsu ya ba ka kunya ta haura kashi 20 cikin 100. Yawan faifan shi ne yawan ƙofofin asara.

Faifan da ake rubutawa a gida kuwa ba irin na kamfani ba ne. Wani rini ne a cikinsa wanda hasken na'ura ke yi wa tabo, kuma zafi da hasken rana suna cin rinin nan a hankali. Duk wanda ya taɓa barin faifai a gaban mota da bazara ya ga yadda yake komawa. Ƙara da ƙurar hunturu, wadda idan aka goge ta da gefen riga take barin zane. Sannan lokaci: kowane faifai minti goma ne ko kusa da haka, tantance shi ma kusan haka, ga cirewa da sakawa. Giga 100 aikin yini ne, kana zaune kana fatan kada batirin laftof ya ƙare a tsakiyar faifai na goma sha bakwai.

Idan dole sai DVD, abubuwa biyu suna rage haɗarin. In bidiyo ne, kada ka yanka shi da 7-Zip. Ka yanka bidiyon kansa kashi-kashi da manhaja irin LosslessCut, wadda ba ta rage kyawun hoto, ta yadda kowane faifai zai kunnu shi kaɗai. In kuma ba bidiyo ba ne, WinRAR yana iya ƙirƙirar ƙarin yankuna na ceto, waɗanda za su maye gurbin yankin da ya ɓace. Kada kuma ka sa rai matse fayil zai rage shi: bidiyon MP4, hoton JPEG da sautin MP3 an riga an matse su tun asali.

## Blu-ray

Faifai ɗaya giga 25, mai hawa biyu 50, akwai ma mai 100. Giga ɗarin nan da ya ci DVD 23 zai shiga Blu-ray biyar na giga 25. Yawancin faifan Blu-ray na rubutawa ba rinin DVD suke amfani da shi ba, kuma fuskarsu tana da rufi mai tauri da ke jure zane. Akwai nau'in M-DISC, wanda masu yin sa suke cewa zai kai shekara 1000. Wannan maganar mai kaya ce, amma ko an rage mata da yawa, ya fi DVD na kasuwa nesa. Babbar falalarsa ita ce abin da aka rubuta ya rubutu: bairos ba ya shiga, yaro ba ya gogewa bisa kuskure, ƙarfin wuta ba ya taɓa faifan da ke cikin kwalinsa.

Cikas ɗin samu ne. Sai ka sayi na'urar rubutawa ta musamman, kuma faifan ba abin da za ka tarar a kowane shago ba ne. Galibi sai an yi odarsa. Kasuwarsa a duniya ma tana ja da baya, har kamfanin Sony ya daina yin faifan Blu-ray na rubutawa a Fabrairun 2025. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya adana na'urar karantawar kamar yadda yake adana faifan.

## Filash da memori

Filash na aike ne, ba na ajiya ba. Da shi ake kai aiki wurin bugawa, da shi ake miƙa wa amarya bidiyonta. Ƙanƙantarsa ita ce amfaninsa, ita ce kuma ke sa ya tafi wanki a aljihun riga.

Babbar musibarsa jabu. Za ka tsaya a teburin kayan waya, a miƙo maka wani a leda mai sheƙi a ce, "Alhaji, wanga tera biyu na," a kuɗin da ko had-disk na hannu ba zai sayu ba. Ka saka a kwamfuta, ta nuna tera biyu, wato giga dubu biyu. Abin da aka yi shi ne an sauya bayanin da filash ɗin ke ba kwamfuta, alhali ainihin cikinsa ƙila giga 16 ne ko 32. Za ka zuba kaya ya karɓa ba musu, sunayen fayiloli su jeru, girman kowane ya fito daidai. Amma da zarar ainihin wurin ya cika, sabon yana hawa kan tsoho, ko ya tafi babu inda ya sauka. Ba za ka sani ba sai ranar da ka danna bidiyo ya ƙi buɗewa, lokacin kuwa ka riga ka goge na kan laftof. Sau da yawa shi kansa mai teburin bai san jabu aka kawo masa ba. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw kyauta ce: tana cika filash ɗin da bayanai har bakinsa, ta sake karantawa, ta gaya maka ainihin girmansa. Duk filash ko memorin da ka saya, ka yi masa wannan gwajin kafin ka ba shi amanar komai.

Sai bairos ɗin nan da ake kwasowa a shagunan buga takardu, mai ɓoye foldodi ya bar maka gumakan bogi. Na'urar da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba ta dace da zama ma'ajiya ba.

## Had-disk na waje

A nan kowace giga ta fi araha, kuma a nan ne babu ruwanka da yanka fayil. Na aljihu yana zuwa da tera 1, 2, 4, 5 har 6, kuma daga laftof yake shan wuta ta wayar USB, wanda a wurinmu babbar falala ce: ko an ɗauke wuta, batirin laftof yana riƙe da shi. Manyan na kan tebur masu nasu caja sun fi girma, amma su kai tsaye suke shan duk abin da soket ya kawo; in babu UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) ko inbata, na aljihun ya fi kwanciyar hankali. Mai tera 1 zai nuna maka giga 931, wannan bambancin lissafi ne, ba cuta ba. Mai tera 2 kuma galibi bai kai ninkin kuɗin mai tera 1 ba, don haka idan aljihu zai iya, shi ya fi riba.

Sauri ma ba laifi. A ramin USB 3, wanda sau da yawa cikinsa shuɗi ne, giga 100 na manyan fayiloli kan wuce cikin minti ashirin ko kusa da haka. A tsohon ramin USB 2 sai ya kai awa guda.

Rauninsa a jikinsa yake. Cikinsa faranti ne da ke juyawa, yawanci sau 5400 a minti, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Idan ya faɗo daga kan tebur yana aiki, hannun ya daki farantin, shi ke nan. Yaro ya ja waya, ko a ɗaga laftof a manta yana rataye, waɗannan su ne suka fi kashe shi a gida. Idan ka ji yana ƙas, ƙas, ƙas, yana kamawa yana saki, kada ka ci gaba da cirewa da sakawa, kada kuma ka bari a buɗe shi a teburin gyaran waya. Ƙura kaɗan ta isa ta ƙarasa farantin. In yana buɗewa, ka kwashe mafi muhimmanci nan take.

Zafi ma yana da nasa. Kamfanin WD, misali, digiri 5 zuwa 35 ya rubuta don aiki da My Passport ɗinsa. Da bazara ɗakunanmu suna wuce haka da rana tsaka. Shawarata a yi babban kwafi da asuba ko bayan isha'i, a ɗora shi a kan tebur ko tayil, ba kan katifa ko darduma ba, a cire shi da an gama. Cirewar tana da wani amfanin: bairos mai kulle fayiloli ya nemi fansa, irin WannaCry da ya game duniya a Mayun 2017, yana bin duk abin da ke jone da kwamfuta.

Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke aiki da dubban ɗaruruwan had-disk kuma yake wallafa yawan waɗanda ke mutuwa, yakan samu tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara. Wannan a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Namu da ke hawa babur a cikin jaka ba zai fi haka lafiya ba. Shi ya sa nake cewa biyu, ba ɗaya ba.

Game da na hannu: akwai waɗanda ake ciro tsohon had-disk daga matacciyar laftof a sa masa sabon gida. Ba haramun ba ne idan an faɗa maka, amma ka je da laftof ɗinka da manhajar CrystalDiskInfo a ciki. Za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da kuma ko ya fara samun wuraren da suka lalace. In ta nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, ka mayar wa mai shi.

## SSD na waje

Babu abin da ke juyawa a cikinsa, don haka faɗuwa da girgizar hanya ba su cika yi masa illa ba, kuma ya fi had-disk sauri sau da yawa. Kuɗin kowace tera kan ninka na had-disk ko ya fi. Ga wanda ke tace bidiyo kullum, ko yake yawo tsakanin Sakkwato, Tambuwal da Birnin Kebbi da kayan aiki a baya, kuɗin ya halatta.

Amma ba na jefawa a akwati a manta ba ne. Da cajin lantarki yake riƙe bayanai, cajin kuma yana zurarewa a hankali idan ba a jona shi, zafi yana ƙara saurin zurarewar. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, ta ce SSD na gida da ya ƙare adadin rubutun da aka ƙayyade masa ya riƙe bayanai shekara ɗaya a digiri 30 ba tare da wuta ba. Sabo yana wuce haka sosai, amma digiri 30 a wurinmu sanyi ne. Kuma idan SSD ya mutu, yakan mutu farat ɗaya ba gargaɗi. Jabunsa ma ya yi yawa, H2testw ɗin nan dai shi ne magani.

## Ajiya a intanet

Wannan ce kaɗai hanyar da gobara, ɓarawo da zafin gari ba su isa gare ta ba. Google yana ba da giga 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. OneDrive na Microsoft giga 5, Dropbox giga 2, Mega giga 20. Abin da ya wuce haka haya ce ta wata-wata ko shekara-shekara, kuma ranar da ka daina biya, matsala ta fara.

Kuɗin hayar ma ba shi ne babba ba, data ce. Ɗora giga 100 yana cin data giga 100, sauke shi ya sake cin wata ɗarin, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Sai lokaci: idan sabis ɗinka yana ɗorawa da megabit 5 a daƙiƙa ba tsayawa, giga 100 zai ɗauki sama da awa 44. Mai Starlink ko intanet na ofis lissafinsa daban ne. Mai dogaro da datar waya kuwa, intanet wurin takardu ne da zaɓaɓɓun hotuna, ba wurin ɗanyen bidiyo ba.

Akwai tarkuna uku da nake so a kiyaye. Foldar da ke daidaita kanta da intanet madubin kwamfutarka ce: ka goge a nan, ta gogu a can, kuma kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu. Na biyu, tun Disambar 2023 Google na iya rufe asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Na uku shi ne layin waya: asusu da yawa a ɗaure suke da lambar da aka buɗe su da ita, layin ya ɓace ko a sake sayar da shi, kalmar sirri kuma an manta. Ka fitar da lambobin ceto na asusunka ka rubuta a takarda, ka ajiye tare da takardun gida, ka kuma sanar da mutum ɗaya amintacce inda suke, domin rai ba a hannunmu yake ba.

WhatsApp da Telegram ba ma'ajiya ba ne, ko da yake mutane da yawa sun mayar da su haka. WhatsApp yana rage kyawun hoto da bidiyo idan ba a matsayin takarda aka tura ba, kuma giga 2 ne iyakarsa. Telegram giga 2 ga mai kyauta, 4 ga mai biya. YouTube da Facebook suna da kyau wajen yaɗa karatu, amma abin da za ka sauke daga can ba shi ne ainihin wanda ka ɗora ba.

## A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Giga 100 na buƙatar | Kuɗin kowace giga | Juriya a yanayinmu | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| DVD | faifai 23 | matsakaici | rauni ga zafi da zane | wahala sosai | yanki ɗaya ya ɓata duka |
| Blu-ray | faifai 5 na giga 25 | matsakaici, ga kuɗin na'ura | mai kyau | matsakaici | wahalar samun faifai da na'ura |
| Filash | ɗaya mai giga 128 | sama da had-disk | ba a dogara da shi | sauƙi ƙwarai | jabu, ɓata, bairos |
| Had-disk | ɗaya, da sauran wuri | mafi araha | ba ya son faɗuwa da zafin rana | sauƙi | faɗuwa yana aiki |
| SSD | ɗaya, da sauran wuri | tsada | yana jure girgiza, ba ya son dogon ajiya | sauƙi ƙwarai | mutuwa ba gargaɗi |
| Intanet | haya da data giga 100 | tsada idan aka haɗa da data | yanayi bai shafe shi ba | ya danganta da sabis | rasa asusu |

## Kwafi nawa, kuma a ina

Masu wannan harka suna da ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kashin ƙarshen shi mutanenmu suka fi sakaci da shi. Had-disk ɗin da ke cikin jaka ɗaya da laftof, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar mazaunin dindindin na jami'a, ya san shago ko gida na iya tafiya da duk abin da ke ciki a dare ɗaya. Mai zama a Mabera ya ajiye ɗaya a gidan yayansa a Arkilla, su riƙa musanya duk wata.

Idan a ciki akwai bidiyon kamu ko hotunan iyali da bai kamata kowa ya gani ba, a kulle shi da kalmar sirri. BitLocker na wasu nau'o'in Windows ko VeraCrypt na kyauta suna yi. Sai dai wanda ya manta kalmar, babu mai buɗe masa. Kuma kada a jawo fayil da hannu kowane lokaci: FreeFileSync tana kwatanta foldodi biyu ta kwafe sabon kawai. Bayan kowane kwafi ka buɗe bidiyo biyu ko uku daga had-disk ɗin, ka ja su zuwa tsakiya da ƙarshe ka ga suna tafiya.

## Wa ya dace da me

Ɗalibi mai kundin digiri: takardun rubutu ba su da nauyi, giga 15 na Google sun ishe su, kuma a ɗora duk ranar da aka yi gyara. Littattafai da bidiyon darasi su tafi had-disk mai tera 1. Filash na kai aiki wurin bugawa ne kawai.

Mai ɗaukar bidiyon biki: amanar mutane ce a hannunka, kuma ɗaurin aure ba a maimaita shi. SSD don aikin da ake tacewa, had-disk biyu masu tera 4 don ajiya, ɗaya a shago ɗaya a gida. Kada ka yi wa memorin kyamara fomat sai aikin ya sauka wuri biyu.

Mai riƙe da tafsiri, wa'azi ko hotunan tsofaffin littattafan ajami: wannan kaya ne da ba ya canzawa kuma ana so jikoki su same shi. Had-disk biyu, sannan idan da hali a ƙara Blu-ray a matsayin na uku. Karatun murya ba shi da nauyi, don haka shi yana iya hawa intanet gaba ɗaya.

Magidanci ko uwar gida mai hotunan iyali: had-disk ɗaya mai tera 1 ko 2 a durowa, a fito da shi duk wata, sannan a zaɓi hotunan da ba za a jure rasa su ba, da hoton takardun fili, na makaranta da na haihuwa, a ɗora a intanet. In kuɗin na biyu ya samu daga baya, a saya a kai gidan ɗan'uwa.

Wanda kuɗinsa bai kai na had-disk ba yanzu: filash biyu na gaske da aka gwada, kowanne da cikakken kwafi, a wurare biyu, kafin a tara kuɗin had-disk.

Wanda kuma yake da tarin tsofaffin faifan CD da DVD a kwali, na aure, na suna, na saukar karatu: laftof na yanzu yawanci ba sa zuwa da wurin faifai, rinin kuma yana ci gaba da cinyewa. Ka nemi na'urar karanta faifai ta USB, ka goge kowanne da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ka kwashe su zuwa had-disk tun suna buɗewa, ka fara da mafi tsufa.